Tsakanin i5 da i7 da i9: wace furosesa ce ta dace da aikina da na ƙanena?

Abban Nafisa, unguwar Zariya a Maraɗi, ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina yi wa ma'abota wannan zaure fatan alheri, kuma ina neman shawarar waɗanda Allah ya ba sanin sha'anin kwamfuta, domin na shiga wani ruɗani da ba na so ya ƙare da asarar kuɗi.

Sana'ata sayen aya da wake da riɗi ce daga kasuwannin ƙauye, in tara a sito, in sayar wa manyan ƴan kasuwa. Aikin da nake yi da kwamfuta bai wuce lissafin shiga da fita a Excel ba, da rubuta takardu a Word, da duba saƙonni a intanet, sai kuma taro ta bidiyo jefi-jefi idan abokin ciniki na nesa ya buƙata. Tsohuwar na'urata ta gaji, har nakan kunna ta in je in yi alwala in dawo ba ta gama tashi ba. Ƙanena kuma yana karatun aikin gine-gine a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, an ce masa lallai ya mallaki tasa saboda AutoCAD, manhajar zanen gine-gine, sannan yakan taya wani abokinsa haɗa bidiyon biki a ƙarshen mako don ya samu na sabulu. Abin da na ware wa na'urorin biyu jika 800 ne na sefa, babu ƙari.

Na je wurin wani mai shago, ya fito mini da biyu na hannu domin aikina: ɗaya an rubuta sunan furosesarta, wato ƙwaƙwalwar na'urar, i7-7600U, ɗayar kuma i5-8350U. Ta farkon ta fi tsada da jika 20, ya ce mini i7 yayan i5 ne a ko'ina aka haɗu. Domin ƙanena kuma ya nuna mini sababbi biyu: wata mai kauri da nauyi mai i5-12500H da katin garafik, wato sashen da ke sarrafa hoto, na Nvidia RTX 3050, da wata siririya kyakkyawa mai i9-12900H wadda ba ta da katin garafik na daban, kuma ta fi ta farkon da wajen jika 150. Yaron idonsa na kan siririyar, yana cewa babu abin da ya kai i9. Shin gaskiya ne duk inda lamba ta fi girma na'ura ta fi ƙarfi? Kuma a ina ne ƙarin kuɗin babbar furosesa yake biyan kansa, a ina ne yake zama ado kawai?

Mai Gyara na Sabon Gari ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kun yi dabara da kuka tambaya kafin ku biya, domin yawancin masu zuwa teburina sai na'ura ta fara huci a hannunsu suke neman bayani. Zan fara da naku biyun, tunda amsarsu ba ta da gardama: ku ɗauki mai i5-8350U, ku bar wa mai shago i7 ɗinsa ko da farashinsu ɗaya ne, balle ma ita ce ta fi tsada.

Dalilin yana cikin lambobin da ke bayan ɗan layin nan. Lambar farko, ko biyun farko daga zubi na 10 zuwa sama, tana nuna zubin da aka ƙera furosesar a cikinsa, wato 7600U zubi na 7 ce, 8350U kuma zubi na 8. Tsakanin waɗannan zubi biyu kamfanin Intel ya yi babban sauyi a shekarar 2017. Har zuwa zubi na 7, furosesar da sunanta ya ƙare da harafin U ƙwaya 2 kawai gare ta a ciki, ko i5 ce ko i7, amma daga zubi na 8 sai i5 da i7 na wannan ajin suka koma ƙwaya 4. Ƙwayar nan ku ɗauke ta kamar lebura a bakin sitonku: wannan i7 ɗin leburori biyu ta zo da su, i5 ɗin kuma huɗu, ko da yake kowane ɗaya daga cikin biyun ya ɗan fi saurin ƙafa kaɗan. Akwai kuma wata magana da ta fi wannan nauyi ga mai ajiye lissafin dukiya. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 yake fara karɓar irin waɗannan furosesoshi. Akwai masu cusa shi a tsofaffin na'urori ta bayan gida, ni ma an sha kawo mini in yi, amma ba zan ba ku shawarar ɗora littafin kasuwancinku a kan irin wannan ba.

Abu na biyu da masu shago ba sa faɗa shi ne harafin ƙarshe, alhali sau da yawa ya fi lambar 5 ko 7 muhimmanci. Harafin U na nufin furosesa mai tsimin wuta, wadda aka tsara a kan kimanin wat 15 domin batir ya daɗe. Harafin P, wanda aka yi a zubi na 12 da na 13, wat 28 ne. Harafin H wat 45 ne, na aiki mai nauyi, HX kuma daga wat 55 yake farawa, kuma idan aiki ya yi zafi yakan zuƙi sama da wat 150 na ɗan lokaci. Saboda haka i5 mai H takan bar i7 mai U a baya idan aka ɗora musu kaya mai nauyi. Misali, i5-12500H da aka nuna muku tana da manyan ƙwayoyi 4 da ƙanana 8, ita kuwa i7-1255U manyan 2 ne kawai gare ta da ƙanana 8, duk da cewa zubinsu ɗaya. Idan kuma zubi ɗaya ne harafi ɗaya, tazarar i5 da i7 a ajin U ƴar kaɗan ce: i5-1235U da i7-1255U duka ƙwaya 10 gare su, a ma'aunin gudu kuma ɗaya tana kaiwa gigahaz 4.4, ɗayar 4.7. Mai Excel da Word zai shekara yana aiki da su bai gane wace ce wace ba.

Yanzu siririyar mai i9. A takarda ta fi i5-12500H, babu shakka, domin ƙwaya 14 gare ta, 6 manya 8 ƙanana. Sai dai furosesa ba ta gudu sai gwargwadon yadda ake kwashe mata zafi. Idan ta kusanci digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta lalace, kuma siririn jiki ba shi da wurin manyan fankoki da isasshen ƙarfen jan zafi. Injin tirela ne aka saka a ƙaramar mota da ƙaramin lagireto: za ta fizga da kyau a tashin farko, amma kafin a kai Dan Issa, nan kusa da Maraɗi, ta fara neman inuwa. Waɗanda suke gwada waɗannan na'urori a ƙasashen da aka ƙera su a ɗaki mai sanyi suke gwadawa. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafin garin kansa yakan haura digiri 40, da hunturu kuma ƙura ce ke toshe hancin fanka, har in na buɗe wata na'urar nakan ciro abu kamar auduga. A irin wannan yanayi mai kaurin nan da ƙanenku ya raina ita ce za ta riƙe gudunta awa biyu ba ta sassauta ba. Kuma ko ba zafi, i9-12900H da i7-12700H yawan ƙwayoyinsu ɗaya ne, bambancin gigahaz 5.0 ne da 4.7, wato kuɗin lambar 9 mafi yawansa kuɗin suna ne.

Bamaradiya Mai Kyamara ta amsa:

Alhaji, barka da war haka. Malam Mai Gyara, Allah ya ƙara sani, duk abin da kuka faɗa a kan na'urar Alhaji na yarda da shi. Amma ina jin tsoron kada mai karatu ya fita da tunanin cewa babbar furosesa yaudara ce ko da yaushe, domin ni da ita nake cin abinci.

Aikina ɗaukar bidiyon biki da suna da walima ne, in haɗa in miƙa. Da farko da wata ƙaramar na'ura mai harafin U nake yi, kuma a lokacin bukukuwan bayan sallah, sa'ad da nake da aiki uku ko huɗu a mako guda, nakan saka bidiyo ya fita bayan isha'i in kwanta, wani lokaci in tashi da asuba in tarar wuta ta ɗauke a tsakiyar dare aikin ya mutu, sai a sake daga farko. Dangin amarya da suka zo daga Tasawa ko Dakoro kuwa so suke su koma gida da bidiyon a wayarsu. Da na koma na'ura mai Ryzen 7 5800H ta kamfanin AMD, mai ƙwaya 8, aikin da ke cinye dare ya koma abin da nake gamawa tsakanin la'asar da magariba. Fitar da bidiyo irin aikin sauke buhu 300 ne daga mota, duk leburan da aka kawo za su samu abin ɗauka, don haka yawansu yana rage lokaci kai tsaye. Wanda lokacinsa kuɗi ne, kuma na'urarsa ke yini a cike da irin wannan kaya, ƙarin da ya biya yana dawo masa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga baya na gane cewa ba furosesar kaɗai ta yi wannan aikin ba. Sabuwar na'urar ta zo da katin garafik na Nvidia, kuma manhajojin haɗa bidiyo irin su Premiere Pro da DaVinci Resolve suna jingina gyaran launi da fitar da bidiyo a kan katin, wanda yake da wani sashe na musamman da ba ya yin komai sai matse bidiyo. Furosesoshin Intel ma suna da irin wannan sashe da suke kira Quick Sync tun shekarar 2011. Saboda haka idan aka ajiye mini i9 marar kati da i5 mai H da RTX 3050 aka ce in zaɓa, ko waiwayen i9 ɗin ba zan yi ba. Da a ce kuɗin Alhaji ya kai, da na ce a nemi i7-12700H tare da kati, domin nan ne ƙarin manyan ƙwayoyi 2 yake da amfani na gaske. Amma yaron da ke yin bidiyo ranar Asabar da Lahadi kawai bai kai ga buƙatar wannan ba tukuna.

Ku kuma gaya wa ƙanenku abin da zai tarar, don kada ya ce ba a faɗa masa ba, tunda kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Cajar irin waɗannan na'urori takan kai wat 150 zuwa sama da 200, nauyinta kamar rabin bulo, alhali ƙaramar na'ura wat 45 ko 65 ya ishe ta. Idan wuta ta ɗauke aka koma kan batir, na'urar takan rage ƙarfinta, batirin kuma ba ya jure aiki mai nauyi. Ni sai da na ƙara batirin sola a gida saboda ita. Alhaji kuwa, da yake yawo kasuwannin ƙauye, kada ma ya yi sha'awar harafin H ko da kyauta aka ba shi, domin rabin yini zai yi yana neman inda zai jona caja.

Injiniya daga Ali Dan Sofo ya amsa:

Gaisuwa ga Alhaji da sauran ƴan'uwa. Zan tsaya a kan karatun yaron ne kawai, tunda hanyar da na bi ce yake bi. Akasarin abin da AutoCAD ke yi, musamman zanen fili da na tsarin gida da ɗalibi ke yini a kai, a kan ƙwaya ɗaya yake gudana. Idan na ari misalin da aka fara, wannan ɗinkin bakin buhu ne: ko an tara mutum 14, hannu ɗaya ne zai riƙe basilla. Abin da ake buƙata shi ne babbar ƙwaya mai sauri ta zubin kwanan nan, kuma manyan ƙwayoyin i5-12500H ƙirarsu ɗaya da na i9 ɗin, gudun ne kawai ya tsaya a gigahaz 4.5 maimakon 5.0. Revit ma, wata manhajar tsara gini, a aikin yau da kullum kusan haka yake. Inda kaya ke yin nauyi shi ne lokacin da ake son a fitar da hoton gini kamar na gaske, da hasken rana da inuwa, kuma manhaja irin Lumion da ake yin wannan da ita katin garafik take nema kafin komai.

Abin da na ga yana kayar da ɗalibai shi ne RAM, wato wurin da na'ura ke riƙe aikin da ake kan yi. Na'ura mai i7 da giga 8 za ta riƙa sarƙewa idan an buɗe babban zane tare da intanet da takardun karatu, alhali mai i5 da giga 16 tana tafiya lafiya. Jika 150 ɗin da za a zuba a kan lambar 9, kaɗan daga ciki ya isa a cika RAM zuwa giga 16, kuma ya fi kyau a saka sanda biyu maimakon ɗaya domin hanyar bayanai ta zama biyu. A tambayi mai shago ko RAM ɗin ana cirewa ne ko a manne yake da allon na'ura, saboda siraran na'urori da yawa a manne yake zuwa, abin da ka saya da shi za ka mutu.

Idan kun koma kasuwa aka nuna muku na AMD, ku sani su ma suna da nasu tarkon suna. A jerin 7000 na kwamfutar tafi-da-gidanka lamba ta uku ce ke nuna ƙirar cikin: Ryzen 5 7520U tsohuwar ƙirar Zen 2 ce mai ƙwaya 4, Ryzen 5 7530U kuma Zen 3 ce mai ƙwaya 6, ga sunaye kamar Hassan da Husaini amma aiki ba ɗaya ba. Intel kuma daga ƙarshen 2023 ya fito da sabon suna, Core Ultra 5 da 7 da 9, ya jefar da harafin i, don haka kada ganin ƙananan lambobi kamar 125H ya sa ku zaci tsohon kaya ne. Na Apple kuwa, duk da kyan batirinsu tun fitowar M1 a 2020, ban ba ɗalibin gine-gine shawararsu ba, domin Revit na Windows ne.

Abban Nafisa ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, na karanta wa yaron amsoshinku, jikinsa ya yi sanyi a kan siririyar. Saura tambaya biyu ga Malam Mai Gyara. Ta yaya zan tabbatar a cikin shago cewa abin da aka rubuta a jikin na'ura shi ne a cikinta? Sannan ita i5-8350U ɗin, tunda kun ce ta 2017 ce, ba ta tsufa da yawa ba?

Mai Gyara na Sabon Gari ya amsa:

Alhaji, ƴar takardar da ake mannawa kusa da madannai kada ku ba ta amana, ana sayar da irinta a banza. Ku sa a kunna na'urar a gabanku, ku danna Ctrl da Shift da Esc a tare, ku shiga shafin da ke nuna aikin furosesa, za ku ga cikakken sunanta da yawan ƙwayoyinta, a ƙasa kuma ga yawan RAM da irin ma'ajiyar da ke ciki. Lallai ma'ajiyar ta kasance SSD, wato irin mai sauri marar faifai mai juyawa. Ina kyautata zaton jinkirin tsohuwar na'urarku ma daga tsohon faifai mai juyawa yake, domin shi ne ke sa kwamfuta ta yi minti biyar tana tashi ko da furosesarta lafiya lau take. Bayan haka ku bar ta tana kunna bidiyo kamar minti 20, ku saurari fanka, ku taɓa ƙasanta, ku cire caja ku ga yadda batir ke sauka. Ta hannu ce, don haka ku roƙi a share ƙurar ciki a kuma sabunta man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen jan zafi kafin ku tafi da ita. Ku duba madannai ma, domin kayan da ke shigowa ta Kano yawanci masu tsarin Turanci ne na QWERTY, wanda ya saba rubuta Faransanci da AZERTY kuwa zai sha wahalar neman wasulla masu alama.

Maganar tsufa kuwa, ta tsufa, ba zan ɓoye muku ba, kuma tana daga cikin na ƙarshen layin da Windows 11 ke karɓa. Amma ga Excel da Word da taron bidiyo, da SSD da RAM giga 8 ko 16, za ta yi muku ƴan shekaru ba tare da kun ji takura ba, musamman idan a jikin na'urorin ofis take irin ThinkPad T480 ko EliteBook 840 G5, waɗanda kayan gyaransu ba sa wuyar samu. Idan kuma rarar da kuka samu daga barin i9 ta isa, ku hau zuwa i5 mai U ta zubi na 11 ko na 12, ku tsaya nan.

Abban Nafisa ya rufe da cewa:

Na koma shagon jiya da yamma tare da yaron. Mun ɗauki mai kaurin, muka sa aka ƙara mata sandar RAM ta biyu ta zama giga 16. Tawa kuwa da muka danna madannan nan uku sai muka tarar mai i5-8350U ɗin tsohon faifai ne a cikinta, mai shagon ya ce zai saka SSD a kan jika 25. Na ce masa ya dakata, domin ya ambaci wata mai i5-1135G7 da za ta iso cikin kayansa ranar Litinin, kuma rarar da ke hannuna za ta iya kaiwa. Malam Mai Gyara, wannan G7 ɗin da ke ƙarshen sunan ban gan shi a cikin haruffan da kuka lissafa ba, a wane aji yake?